Hari, Mamaya da Cin Iyaka: Kalmar “Inroad” a Tarihin Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin tarihin ƙasar Hausa wanda aka rubuta da Turanci, ya tsaya gaban ɗalibai yana juya musu shi da Hausa, ya san akwai waɗansu kalmomi masu wuyar sha'ani. Ɗaya daga cikinsu ita ce “inroad”, tare da 'yan'uwanta “raid” da “incursion” da “invasion” da “encroachment”. Turawan da suka rubuta labarin ƙasashen nan a ƙarni na 19 da farkon na 20 sun yawaita amfani da su, musamman in sun zo kan abin da ya gudana tsakanin Katsina da Maraɗi. Mai fassara kuwa, in aiki ya yi masa yawa, yakan ɗauki kalma ɗaya tak, ko “hari” ko “mamaya”, ya yi ta liƙa wa kowace.

Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa yin haka yana ɓata tarihi, domin Hausa ta rarrabe abubuwan nan tun da daɗewa, kowanne kuwa da irin maganin da mutanen dā suka yi masa. An zaɓi ƙasar Kankiya da Kusada don a gwada maganar a kanta. Kankiya tana bisa babbar hanyar Katsina zuwa Kano, Kusada tana kudu maso gabas da ita, dab da iyakar Kano. Cikin shekara ɗari da 'yan kai, daga 1807 zuwa 1910, babu irin shigar da kalmomin nan suke nufi wadda ƙasar nan da maƙwabtanta ba su gani ba.

Asalin kalmar a Turanci

“Inroad” haɗin kalma biyu ce, “in”, watau ciki, da “road”. Yau kowane ɗan makaranta ya san ta biyun da ma'anar hanya, amma a tsohon Ingilishi hawan doki take nufi, da tafiya bisa doki, har da fita bisa doki don a auka wa abokan gaba. Mutanen Sikotlan suna furta kalmar nan da nasu karin harshe, shi ne ya ba da “raid”, wadda ta kusa ɓacewa kafin marubucin nan Walter Scott ya farfaɗo da ita a farkon ƙarni na 19. Ita “inroad” ta bayyana a rubuce a ƙarni na 16, zamanin da iyakar Ingila da Sikotlan take fama da dangogin mahaya waɗanda sukan ƙetara da dare su kore shanun juna su komo. Abin bai kwanta ba sai bayan 1603, da sarautar ƙasashen biyu ta haɗu a hannun sarki ɗaya. Ashe ke nan tun asali kalmar tana nufin mahayin da ya shigo ya ɗauka ya fita, ba ta ƙunshi zama ba.

Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta sauya. Baturen yau yakan ce teku tana yin “inroads” cikin tudu, ko bashi yana yin haka cikin dukiyar mutum, ko wani ɗan kasuwa cikin cinikin wani. A nan babu doki, babu gaggawa, sai ci kaɗan-kaɗan wanda ba ya komawa baya. Da haka ta matso kusa da “encroachment”, wadda ta fito daga tsohon Faransanci, tushenta kuwa ƙugiya, watau a maƙalo abin wani a jawo. “Invasion” da “incursion” daga Latin suke, ta fari shiga ce da tafiya, ta biyu shiga ce da gudu. Faransawan da suka rubuta labarin Maraɗi suna da tasu, “razzia”, wadda suka aro daga Larabcin Aljeriya, tushenta ɗaya da gazwa ta littattafan malamai. Saboda haka wajibi ne mai fassara ya fara duba shekarar da aka rubuta littafin da ke hannunsa, gama abin da marubucin 1857 yake nufi da “inroad” dabam yake da abin da marubucin 1957 yake nufi.

Yadda Hausa ta rarrabe su

Hari shi ne a auka wa gari ko ƙauye ko ayari ba zato, a kwashi abin da aka iya kwasa, a juya. Ba a yi masa shela, ba a aika da takarda. Mahara ba su cika yawa ba, galibinsu bisa dawaki, sukan yi tafiyar dare su laɓe a daji, su faɗa wa mutane da asuba, ko kuwa sa'ad da aka fita gona ko rijiya. Abin da suke nema shanu ne da dawaki da mutanen da za a sayar ko a karɓi fansarsu. Harshen kansa ya nuna halin abin, gama kai hari ake yi, kamar yadda ake kai saƙo, wanda ya kai saƙo kuwa gida yake komawa.

Yaƙi ɗaura shi ake yi. Sarki ke ba da umurni, a aika wa hakimai kowa ya kawo baradensa da dakarunsa, a kafa sansani bayan gari, a buga tambura. Abin da ake nema shi ne a ci gari, watau a sa shi ya bi, ya riƙa kawo haraji da gaisuwa, ko kuwa a tuɓe mai sarautarsa a naɗa wani. Farmaki aukawa ce guda ɗaya, tana iya faɗowa cikin yaƙi ko cikin hari. Tawaye kuwa daga ciki yake tasowa, mabiyi ne ya juya wa shugabansa baya.

Mamaya ita ce mai rikici, domin ita ma ta sauya wuri kamar takwararta ta Turanci. A bakin mutanen dā, a mamayi mutum shi ne a shammace shi, a faɗa masa bai shirya ba, ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun kawo ma'anar nan. Akwai kuma ma'anar rufewa, kamar yadda ruwa yake mamaye fadama ko ciyawa ta mamaye gona. Da jaridu suka zo, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da gidajen rediyo, irin su sashen Hausa na BBC tun 1957, aka bukaci kalmar da za a faɗi shigar sojan wata ƙasa cikin wata da zamansu a can, sai aka jingina ga ma'ana ta biyu. Shi ya sa da Iraƙi ta shiga Kuwaiti a 1990 kowa ya ce ta mamaye ta. To, in tsohon labari ya ce mahara sun mamaye wani gari, shammata yake nufi, amma yaron yau in ya karanta sai ya ɗauka sun zauna sun yi mulki.

Saura cin iyaka, wanda daga gona ya fito. Maƙwabci ne yakan ƙara kunya ɗaya bana, baɗi ya ƙara wata, ya tuge gambar da aka dasa a tsakani ya matsar da ita, har a wayi gari gonar marayu ta tsuke. Ba a zare takobi a kansa, gaban dagaci ko alƙali ake kai shi. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ita ke sa allura ginin rijiya.

Daga 1807 zuwa 1844

Waɗansu littattafan Turanci sukan kira jihadin ƙasar Katsina “invasion”, kamar dai wata runduna ce ta taso daga nesa ta shigo. Shugabannin jama'a a Katsina su uku ne, Malam Ummarun Dallaji da Malam Ummarun Dumyawa da Malam Muhammadu Na Alhaji, dukansu kuwa mazauna ƙasar ne. Dallaje ma, inda na farin ya samo laƙabinsa, tana arewa kaɗan da Kankiya, wajen Bindawa. Marigayi Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya nuna yadda harkar ta tsiro daga cikin al'ummar Katsina kanta, daga malamai da almajirai da makiyaya da manoman da suka ƙosa da halin da ake ciki. Birni ya faɗi wajen 1807, Sarki Magajin Haladu ya fita zuwa Ɗankama, can ya rasu. Wanda ya fassara wannan da mamaya ya mai da 'yan ƙasa baƙi. Kalmar da masu abin suka yi amfani da ita jihadi ce, waɗanda aka kora kuwa a wurinsu tawaye ne aka yi musu aka ƙwace gadon iyayensu.

Zuriyar sarakunan da aka kora ba su haƙura ba. Ɗankasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, shi da magadansa suka ci gaba da kiran kansu Sarkin Katsina. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Ɗanmari ya gaji Rauda. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku, garuruwan ƙasar Ruma suka tayar, Ɗanmari ya ratso ya zo ya kafa sansani a Matazu, kudu maso yamma da Kankiya. Siddiku ya fito da taimakon da ya samu, ya kore shi, sa'an nan ya juya kan garuruwan da suka ba shi hannu ya yi musu horo mai tsanani, har yankin ya watse ya koma daji. An tuɓe Siddiku a 1844.

Zuwan Ɗanmari Matazu bai shiga lissafin hari ba. Mutumin da ya kafa sansani a tsakiyar ƙasa, ya jira garuruwa su zo su yi masa mubaya'a, sarauta ya zo nema. Yaƙi ne haɗe da tawaye, kuma bango ne ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Dajin da horon Siddiku ya haifar a yamma, wanda yau ake kira dajin Rugu, shi ya zama maɓoya da hanya ga maharan Maraɗi har ƙarshen ƙarnin.

Zamanin hari, da abin da Barth ya gani a Kusada

Bayan 1844 halin faɗan ya sauya. Maraɗi da Tsibiri ba su sake samun ƙarfin da za su ƙwace Birnin Katsina ba, Katsina da Sakkwato kuma ba su iya tumɓuke su ba. Sai abin ya koma hari, rani bayan rani. Ɗanbaskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi fiye da shekara 20 a tsakiyar ƙarnin, shi ne sunansa ya fi fita, a ƙarshen ƙarnin kuma aka yi Ƙaura Hasau. Dawakinsu sukan bi ta dajin yamma su ɓullo kudancin Katsina, har su taɓa yammacin Kano da arewacin Zazzau.

A tsakiyar wannan zamani ne Bajamushen nan Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ƙasar. Ya iso Katsina a watan Janairu 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya ƙiyasta mazauna birnin ba su wuce dubu 7 ko 8 ba, alhali ganuwar tana iya ɗaukar ninkin haka sau da yawa, ciniki kuwa ya koma Kano. A hanyarsa ta zuwa Kano, wadda ya shiga ran 2 ga Fabrairu 1851, ya bi ta Kusada. Ya same ta gari mai girma, ganuwarta a gyare, cikinta cike da itatuwa, ya kuma yaba kyan ƙasar da ke kan hanyar, da gonakinta da garkunanta. Da ya komo Katsina a 1853 zai wuce Sakkwato, bai iya tafiya ba sai cikin ayarin Galadiman Sakkwato, saboda tsoron Gobirawa, a hanya kuma ya ga Kurfi da ganuwa da gwalalo ninki-ninki.

Abu biyu suka fito daga shaidar nan. Na fari, ƙasar Kankiya da Kusada ba ta fita daga hannun Sarkin Katsina ba. Ana noma, ana kiwo, fatake suna wucewa, haraji Katsina yake zuwa. Wanda ya ce Maraɗawa sun mamaye ta, bisa ma'anar yau, ya faɗi abin da bai auku ba. Na biyu, hari yana da nasa nauyi ko da bai ƙwace sarauta ba. Ganuwar ƙasa ba ta zama a gyare sai in ana fitowa kowane rani ana yaɓe inda damina ta zubar, wannan kuwa aiki ne na gari duka. Dole a bar fili a cikin ganuwa inda za a shigar da dabbobi a kuma yi ɗan shuka in an rufe ƙofa. Manomi ba ya nisa da gari, saboda haka gonakin kusa su gaji, na nesa su zama saura. Ƙananan ƙauyuka da ba su da ƙarfin gina ganuwa sukan yi kafi, watau su kakkafa itatuwa su kewaye kansu, sunayen Kafin Soli da Kafin Dangi a ƙasar Kankiya suna tuna wa mai wucewa da irin wannan zama. A sama kuma, tun zamanin Muhammadu Bello hukumar Sakkwato ta ɗauki dabarar kafa ribaɗi a bakin iyaka, shi kansa a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837. Duk waɗannan maganin hari ne, an yi su ne don a tsare rai da dukiya har mahara su wuce.

Tafashiya, 1895

Ba daga arewa kaɗai dawaki suka shigo ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita tare da Yusufu zuwa Takai. Yusufu ya rasu, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya ci Kano a 1894. Tukur ya fito ya fake a Kamri, cikin ƙasar Katsina, zamanin Sarki Abubakar. Aliyu ya biyo shi da runduna ya ƙetare iyaka, aka gamu a Tafashiya ta ƙasar Kankiya a watan Maris 1895, aka karya Tukur, ya sami raunin da ya zama ajalinsa.

Ga runduna ta shiga ƙasar da ba tata ba, ba da yardar mai ƙasar ba, kuma saɓanin umurnin Sarkin Musulmi. Bature zai iya kiran wannan “incursion” ko “invasion”, duk ya ga daidai ne. Amma Aliyu bai zo neman shanun Kankiya ba, bai kuma zo don ya ƙara ƙasar Katsina cikin ta Kano ba. Mutum ɗaya ya biyo, da ya gama da shi ya koma, daga baya Sakkwato ta amince da sarautarsa. Hausawa sun sa wa abin suna tun a lokacin, Yaƙin Basasa, sunan da aka aro daga wani tsohon yaƙi na Larabawa tsakanin dangi biyu 'yan'uwan juna. Abin da ya faru a Tafashiya ƙarshen basasar Kano ne da ya malalo cikin gidan maƙwabci, haka kuma ya kamata a koya wa ɗalibai shi.

Zuwan Turawa

Sojan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. A ƙarshen watan nan Gwamna Lugga ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi, ba a yi faɗa ba. Mutumin Kusada da ke cikin gonarsa bai ga mahayi ya kore masa saniya ba, bai ji kuwwa ba. Duk da haka wannan ita ce shigar da ta cika sharuɗɗan mamaya bisa ma'anar yau, domin waɗanda suka zo sun zauna, kuma sun ce ikon nasu ne. A jawabin da ya yi a Sakkwato, Lugga ya bayyana cewa duk ikon da sarakuna suka samu ta hanyar cin ƙasa, na naɗi da tuɓewa da haraji da mallakar ƙasa, ya koma hannun Ingila ta wannan hanya. Kafin shekara huɗu su cika an tuɓe sarakunan Katsina biyu, Abubakar da Yero, aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko a 1906. Aka fitar da hakimai daga birni kowa ya zauna a gundumarsa, aka sake tsarin haraji. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906, da aikin shata iyaka da aka yi daga 1906 zuwa 1908, suka bar Maraɗi a hannun Faransa, harin arewa ya mutu. A 1910 aka yi dokar da ta sa dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna.

Abin lura shi ne, a takardunsu Turawa ba su kira nasu zuwan “inroad” ko “invasion” ba. Tafiyar Kano da Sakkwato “expedition” suka ce mata, watau fita don wata bukata, abin da ya biyo baya kuma “pacification”, watau kwantar da tarzoma. Kalmomin ɓarna na Maraɗawa ne da Gobirawa da sauran 'yan ƙasa. Mai fassarar da ya bi su sau da ƙafa zai ba ɗalibai labarin da a cikinsa wanda ya kore shanu ya gudu shi ne ya mamaye ƙasa, wanda ya karɓe ƙasar duka kuwa yawo ya fito.

Cin iyaka bayan an buɗe ƙofofi

Da tsoron hari ya kau, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu cikin saura da daji, kowa ya yi gida a gonarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, ƙasa mai jigawa irin ta tsakiyar Katsina kuwa gyaɗa tana son ta. Gona ta yi daraja, jama'a ta ƙaru, filin da dā ba mai kula da shi ya sami masu shi. Daga nan shigar da ake kuka da ita ta zama ta garma da fartanya: gona ta ci burtali, ta toshe hanyar mashaya, ta gutsiri makiyaya da gandun daji, shanu kuma su rasa hanya su faɗa cikin shuka. Kalmar da ta cika takardun ofisoshin gandun daji da na En'e ita ce “encroachment”, ma'anar “inroad” ta zamani kuma nan ta dosa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamnonin jihohi.

Wannan shi ne cin iyaka, Hausa ba ta bukatar wata kalma. Haɗarin da ke cikin kiransa mamaya babba ne, domin mamaya baƙo take nunawa, alhali manomin da ya shuka a burtali da makiyayin da shanunsa suka ci dawa galibi 'yan ƙasa ɗaya ne, kakanninsu tare suka fake cikin ganuwa ɗaya. In aka ce cin iyaka, hankali yakan tafi wurin shaidu da dattawan da suka san inda gamba take. In aka ce mamaya, sai ya tafi wurin makami.

Amfanin rarrabewar a yau

Da maganar ta tsaya kan tarihi kaɗai, da da sauƙi. Tun wajen 2011 harin 'yan bindiga ya tashi a Zamfara, ya bazu zuwa yammacin Katsina, ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, suka fi shan wuya. A watan Disamba 2020 aka kwashi ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kamar mako guda. A shekarun da suka biyo baya abin ya taɓa ƙauyukan Matazu da Musawa da Kankiya. Babur ya maye gurbin doki, bindiga ta maye gurbin mashi, amma dajin shi ne na dā, satar shanu da neman fansa kuma su ne na dā. Jama'a ba su yi kuskure ba da suka kira shi hari. Sai dai a wuraren da 'yan bindiga suka kai ga ɗora wa ƙauye kuɗi kafin a yi shuka ko girbi, kamar yadda ya faru a sassan Zamfara da yammacin Katsina, abin ya wuce hari, gama mai karɓar haraji ya fara zama hukuma. Wanda ya iya rarrabe kalmomin shi zai gane ranar da aka tsallaka daga wannan zuwa wancan.

Saboda haka ana ba malaman kwalejojin horon malamai shawara, duk inda suka gamu da ɗaya daga cikin kalmomin nan na Turanci, kada su buɗe ƙamus tukuna, su fara yi wa labarin tambaya huɗu. Su wane ne suka shigo, 'yan ƙasa ko baƙi? Da umurnin wa suka zo? Me suka nema, dukiya ko sarauta ko fili? Kwana nawa suka yi? In dukiya suka nema suka juya, hari ne, kamar na Ɗanbaskore. In sarauta suka nema da runduna, yaƙi ne, kamar na Ɗanmari a Matazu. In 'yan gida ɗaya ne suke faɗa a kan gado, basasa ce, kamar ta Tafashiya. In baƙi ne suka zauna suka ɗora doka da haraji, mamaya ce, kamar ta 1903. In kuwa maƙwabci ne yake matsowa taki-taki, cin iyaka ne. Yana da kyau kuma a sa ɗalibai su tattara sunayen garuruwa da unguwanni na gundumominsu masu ɗauke da kafi ko ganuwa ko sansani ko zango, su tambayi tsofaffi dalilin kowane suna, su rubuta amsar da kalmomin da tsofaffin suka faɗa, ba tare da sun gyara musu ba.